Sauron Rana, Ruwan Randa da Kan Jariri

Duk macen da ta taɓa zuwa barka ta san tambayoyin da ake yi a ɗakin mai jego. Me aka samu, mace ko namiji? An sauka lafiya? Ruwan nono ya zo? In a likita aka haihu, sai a ƙara da kilo nawa ya yi a sikeli. Amma akwai tambaya guda da ba mu taɓa jin an yi ba, tun daga Dogon Dutsi har Tibiri, ita ce kan yaron santimita nawa ne. Alhali kuwa awon kai yana cikin abubuwan da ya kamata a yi wa kowane jariri a ranar da ya zo duniya, a kuma rubuta a karne. Aikin bai fi minti guda ba, kayan aikin kuma ɗan tef ne irin na tela. A kan wannan tef muke son magana yau, da kuma wani sauro da yawancinmu muke kashewa da tafin hannu a kasuwa ba tare da mun san ko wane ne ba.

Sanin kowa ne cewa shekara da shekaru ana yi mana wa'azin sange. Mu kanmu ma'aikatan rediyo mun yi ta faɗa har murya ta dushe: a kwana cikin sange, a sa yara cikin sange, mai ciki kada ta kwana a waje. Maganar gaskiya ce, kuma ba mu janye ko kalma ɗaya ba, domin sauron da ke kawo masassarar da muke kira palu da dare yake aikinsa. To amma sauro ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani ɗan ƙarami, baƙi, mai zanen fari a ƙafafu da baya kamar an ɗiga masa alli. Masana suna kiransa Aedes. Shi ba ruwansa da dare. Da hantsi yake cizo, sa'an nan daga la'asar zuwa faɗuwar rana, kuma ya fi son ƙafa da idon sawu. Wato daidai lokacin da mai ƙosai take zaune gaban kasko, mai kayan miya ta baza tumatir, mai fura ta sa ƙafafunta ƙarƙashin tebur, a nan yake samunsu. Sange yana can gida a naɗe.

Wannan sauro shi ke ɗaukar ƙwayar cutar shawara, da ta dengi, da wata mai suna Zika. Dukansu ƙwayoyi ne irin waɗanda likitoci ke kira birus, ba dangin palu ba ne, saboda haka maganin palu ba ya taɓa su ko kaɗan. Zika ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, don ita ce mai shiga mahaifa.

Ba baƙuwar Afirka ba ce. A shekarar 1947 aka fara gano ta a jikin wani biri cikin dajin Zika na ƙasar Uganda, daga nan ta samo suna. Ta yi shekaru kusan sittin ba wanda ya damu da ita, saboda ciwonta ba shi da zafi: ɗan zazzaɓi, ƙuraje masu ƙaiƙayi, jan ido, ciwon gaɓoɓi, kwana kaɗan ya wuce. Cikin mutum biyar da ta kama, huɗu ba su ma sanin sun kamu. Sai a 2007 ta ɓulla a wani tsibiri mai suna Yap, a 2013 ta kama wasu tsibiran tekun Pasifik, sa'an nan a 2015 ta shiga Birazil.

A can ne aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Wajen ƙarshen 2015, likitocin birnin Recife da kewayensa, a arewa maso gabashin Birazil, suka lura ana ta kawo musu jarirai masu ƙaramin kai fiye da kima. A da sai su yi watanni ba su ga ɗaya ba, yanzu sai ga su a jere a mako guda. Fuska daidai, jiki daidai, amma daga gira zuwa sama kai ya matse, fatar kai ta tattare saboda ƙwaƙwalwar da za ta cika wurin ba ta girma ba. Da aka bi diddigin iyayen, sai da yawa suka tuna sun yi ƴan ƙuraje da ɗan zazzaɓi a farkon cikin, abin da ba su ɗauka da muhimmanci ba. A watan Nuwamba na 2015 gwamnatin Birazil ta ayyana dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya. Ranar 1 ga Fabrairu 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce abin ya shafi duniya baki ɗaya, ba ta ɗage wannan sanarwa ba sai a Nuwamban shekarar. Kafin 2016 ta ƙare, an tabbatar da jarirai fiye da 2,000 masu wannan matsala a Birazil kaɗai.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Sauro ya ciji mai ɗauke da cutar, bayan ƴan kwanaki ya ciji mai ciki. Ƙwayar ta bi jini, ta ƙetare mabiyiya, ta tafi kai tsaye ga ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta lalata su. Ƙoƙon kai kuwa ƙwaƙwalwa ce ke tura shi ya faɗaɗa, in ta tsaya shi ma ya tsaya. Wasu yaran sukan zo da farfaɗiya, wasu da raunin gani ko ji, wasu da sandarewar gaɓoɓi, wasu ba sa iya haɗiye nono da kyau. Wani cikin kuma ya zube, ko a haifi ɗan ba rai. OMS ta ƙiyasta cewa cikin jarirai 100 da uwayensu suka kamu suna da ciki, tsakanin 5 zuwa 15 ne ke zuwa da wata illa. Yawanci ke nan suna tsira, alhamdu lillahi. Amma wadda abin ya faɗa wa, ita lissafin nan ba ya rage mata komai. Har yau ba allurar rigakafin Zika, ba kuma maganin da ke kashe ta.

Wani zai ce, to ina Arewa ina Birazil? Tambaya ce mai kyau, kuma za mu amsa ta ba tare da tsoratarwa ba. Babu wata annobar Zika da aka bada sanarwarta a Nijar. A jerin da OMS ta fitar a 2019, ƙasarmu tana cikin waɗanda ke da sauron amma ba a samu rahoton cutar ba. Sai dai a wannan jerin dai, Najeriya da Burkina Faso suna cikin waɗanda aka samu shaidar cutar ta taɓa yawo a cikinsu. Kuma irin da ya yi ɓarna a Birazil ya riga ya ƙetaro teku: a tsibiran Kap Ber, daura da Senegal, daga 2015 zuwa 2016 an ƙirga mutum fiye da 7,000 da ake zaton sun kamu, aka haifi jarirai 18 masu ƙaramin kai. Angola ma ta ga nata a 2016 da 2017.

Sa'an nan mu dubi ƴar'uwarta dengi, wadda sauro ɗaya ne ke ɗaukarsu, domin inda ɗaya ta bi ɗayar ma za ta iya bi. A watan Agusta na 2022 ɗakin bincike na CERMES da ke Yamai ya tabbatar da dengi a jikin wani matafiyi da ya dawo daga Kuba. A 2023 ta yi wa Burkina Faso kamun da ba ta taɓa yi ba, musamman Wagadugu da Bobo, mutane kusan 700 suka rasu. Wajen ƙarshen wannan shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya ta tabbatar da mutum 13 masu dengi a jihar Sakkwato. Sakkwato fa! Wane ɗan kasuwa ne a Dutsi ko Matankari da ba shi da abokin ciniki ko dangi a can? Waɗanda suka manyanta kaɗan kuma ba su manta da 2016 ba, lokacin da masassarar Rift ta afka wa Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa. Ita ma birus ce da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi, tumaki da raƙuma suka yi ta ɓari, mutane fiye da 30 suka rasu, kuma an ɗauki makonni ana ce mata masassara kawai kafin a aika jini Dakar a gano sunanta.

Darasin Cintabaradan shi ne wanda ya fi damunmu. A wurinmu duk zazzaɓi palu ne. Mai ciki ta ji jikinta ya yi zafi a rumfa, ba ta son rufe sana'a ta rasa cinikin yini, sai ta aiki yaro wurin mai tebur ya sayo mata ƙwaya ta dala ashirin. Shi mai tebur bai yi karatun likita ba, launin ƙwaya ya sani. Ta sha, zazzaɓi ya sauka don kansa bayan kwana uku, a ce magani ya yi aiki. In kuwa ta je likita aka ɗiga jinin yatsa aka ce ba palu, sai ta fito tana cewa na'urarsu ce ta lalace, ta koma wurin mai tebur ɗin dai. Da haka cutar da ba a neme ta ba za ta iya shekaru a gari ba a san tana nan ba. Muna cewa ba a samu rahoton Zika a Nijar ba, gaskiya ne. Amma rahoto sai an auna ake samunsa.

Akwai ma haɗari na kusa a cikin wannan saye. In dengi ce ta kama mutum, asfirin da ibuprofen da dangoginsu, irin waɗanda ake sayarwa da sunan maganin ciwon jiki, suna iya jawo zubar jini. Ga mai ciki kuwa, ko ba dengi ba ma ba abin sha ba ne sai da izinin likita. Abin da aka yarda da shi don sauke zazzaɓi shi ne parasetamol, shi ma kafin a isa likita, ba a madadin zuwa ba.

Yanzu mu zo ga inda sauron yake haihuwa, don nan ne maganar ta shigo hannunmu. Sauron palu yana son kududdufi da bakin tafki. Wannan kuwa ɗan gida ne, ruwa mai tsabta yake so, wanda mutum ya ajiye da hannunsa: randa, tulu, tano, bido marar murfi, kaskon kaji, gwangwanin tumatir da aka yar, fasasshiyar ƙwarya, ledar da ta tara ruwan sama, sai uwa uba tsohuwar taya. Macen takan manna ƙwanta a jikin mazubin, ɗan sama da bakin ruwa. Ƙwan nan yana iya bushewa ya yi watanni bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana bakwai zuwa goma ne. Ƴan tsutsotsin nan da muke gani suna wutsil-wutsil a gindin randa, muna tace su da gefen zane mu sha ruwan, su ne. Kuma ba ya tafiya nesa, yawanci rayuwarsa duka a cikin ƴan gidajen da ke kewaye da inda aka haife shi take ƙarewa. Ma'ana sauron da ya cije ki a rumfa, da wuya in ba a cikin kasuwar nan aka haife shi ba.

Abin lura, yankin Birazil da cutar ta fi yi wa ɓarna yanki ne na talakawa mai fama da fari, inda famfo ba ya zuwa kullum, mata suna tara ruwa a tano da bokiti. Ba dausayi ne ya jawo musu ba, ƙarancin ruwa ne. Wanda ya san yadda ake layin famfo a garuruwanmu da bazara, ya san yadda kowace mace take cika duk wani mazubi da ta mallaka ranar da ruwa ya zo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba za mu ce wa mace kada ta ajiye ruwa ba, wannan maganar wanda bai taɓa ɗaukar tulu ba ce. Abin da muke cewa shi ne a rufe shi ruf, kuma sau ɗaya a mako a juye, a goge cikin mazubin da soso ko tsintsiya, don zubar da ruwa kaɗai ba ya cire ƙwan da ke manne. Rana ɗaya a mako ta isa ta katse haihuwar, tunda sauron yana bukatar fiye da haka kafin ya yi fiffike. Kowace ta zaɓi ranarta. Mu da za a bi tamu, da jajibirin kasuwa aka sa, don ba mai mantawa da shi.

Maganar taya kuwa ta maza ce. A zaga tashar mota ko bakin kwalta a Dogon Dutsi ko Kore Mai Ruwa da damina, a leƙa cikin tayoyin da masu faci suka jibge, da waɗanda aka ɗora kan rufin rumfa don kada iska ta yaye kwano. Kowace ɗaya da ruwa a cikinta, ga inuwa, ga ɗumi, kuma duk yadda ka juya taya ruwan ba ya fita duka. Ba gidan da sauron nan ya fi so a duniya kamar wannan, har ta hanyar cinikin tsofaffin tayoyi ne wani ɗan'uwansa ya yaɗu daga Asiya zuwa wasu nahiyoyi. Maganinta ba tsada: a huda ta, ko a cika ta da yashi, ko a shigar da ita ƙarƙashin rufi. Mai faci da ke jin wannan ya tuna mai abincin da ke kusa da shi, wadda yake cin shinkafa da wake a wurinta kullum, wataƙila tana da ciki wata biyu bai sani ba.

Wannan rashin sanin shi ne wuri mafi wuya a cikin maganar, kuma za mu faɗe shi ko da iyayenmu mata za su ce mun cika baki. Zika tana iya yin illa a kowane wata na ciki, amma ta fi ɓarna a watanni uku na farko, lokacin da ake ƙera ƙwaƙwalwa. Waɗannan watanni ukun kuwa su ne al'adarmu ta ce a ɓoye. Mai cikin fari kunya ba ta barinta ta faɗa ko wa uwarta. Wadda ta saba haihuwa tana tsoron baki da ido, tana kuma cewa me za ta je yi awo ciki bai fito ba. Sai ya kai wata biyar ko shida, zane ya ƙi ɗauruwa, sa'an nan a nufi likita. OMS tun 2016 take cewa a fara awo kafin ciki ya cika mako 12, a kuma ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. A ƙasarmu tun 2006 aka ce awon ciki kyauta ne. Mun san akan ce babu wannan, je ki sayo wancan, kuma mun sha faɗar haka a rediyo. Duk da haka zuwan da wuri ya fi rashinsa. Ba wanda ya ce ki yi shela a unguwa. Sajfam ɗaya za ki gaya wa, aikinta ne ta riƙe sirri.

A wurin awon nan ne ake ba da sange, da ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin palu wanda ake farawa bayan wata uku, a sha aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kada maganar sabon sauro ta mantar da mu tsohon: palu shi ne har yanzu yake shanye jinin masu ciki a Dallol Mawri, yake sa ɓari, yake sa a haifi yaro ɗan mitsitsi. Sange na nan daram. Abin da muke ƙarawa kariyar rana ce. Mai ciki da ke zaman kasuwa ta sa zane mai kai wa idon sawu da riga mai dogon hannu, ta sa safa in ta samu, ko da maƙwabtan rumfa za su yi mata dariya. Man shafawa na korar sauro da ake sayarwa a farmasi bai hana mai ciki ba in an bi ƙa'idarsa. In za ta yi ƙailula, ta shiga sange ko da rana tsaka ce, jaririn da aka kwantar a bayan rumfa shi ma haka. In kuma ta ga zazzaɓi tare da ƙuraje ko jan ido, ta rufe sana'a ta tafi likita a ranar, ta kuma faɗi cewa tana da ciki ko da na wata ɗaya ne.

Fatake da ƴan ci-rani, ku ma da naku kason. Zika ta bambanta da sauran cututtukan sauro da abu ɗaya: tana bin maniyyi, kuma takan daɗe a cikinsa bayan mutum ya warke, ko ma bai taɓa jin ciwo ba. Shawarar OMS ita ce namijin da ya dawo daga wurin da cutar ke yawo ya yi amfani da kwaroron roba ko ya ƙaurace har wata uku, in kuwa matarsa na da ciki, har ta haihu. Mun san wannan magana ce mai nauyi ga wanda ya yi wata takwas a Abijan ko Legas ko Lome. Ba muna cewa duk wanda ya dawo daga bakin teku yana ɗauke da cuta ba. Muna cewa wanda ya ji ana maganar annobar a inda yake, ko ya yi zazzaɓi da ƙuraje a can ko a hanya, ya biya likita kafin ya shiga ɗaki, ya kuma faɗi garin da ya fito.

Mu koma ga tef. Jaririn da ya cika watanninsa, kewayen kansa yakan kai santimita 33 zuwa 35 ko kusa da haka. In ya gaza 32, ana so a sake aunawa, a kuma sa ido. Awo ɗaya ba hukunci ba ne: bakwaini kansa ƙarami ne daidai da jikinsa, wani kan kuma yakan matse wurin fitowa ya dawo daidai bayan kwana biyu, akwai kuma yaran da kansu ƙarami ne amma suna girma lafiya lau. Kuma ba Zika kaɗai ke kawo ƙaramin kai ba. Akwai cutar rubela mai kama da ƙyanda, akwai tunjere, akwai wasu cututtukan da uwa kan ɗauka tana da ciki, akwai yunwa mai tsanani, akwai guba, akwai na gado. Amfanin awon biyu ne. Na farko, yaron da aka gano da wuri ana iya duba idonsa da kunnensa, a ba shi maganin farfaɗiya in yana bukata, a koya wa uwa yadda za ta shayar da shi da yadda za ta motsa masa gaɓoɓi. Na biyu, awon shi ne ƙararrawar gari. Birazil ba da wata babbar na'ura ta fara gano annobarta ba, likitoci ne da suka san adadin da suka saba gani suka ce wannan ya yi yawa. In ba a aunawa a Geceme da Dumega da Dan Kasari, in wanda aka auna ba a tara lissafinsa a Doso, to ko abin ya zo ba mai cewa ya yi yawa.

Akwai kuma abin da ke faruwa da irin waɗannan yara a gidajenmu, wanda kowa ya sani ba mai son faɗa. A ce ɗan ruwa ne. A ce an musanya shi. A ce uwar ce ta fita da magariba, ko ta zuba ruwan zafi ba bisimilla, ko ta yi wa wani nakasasshe dariya. Wata rana bayan shirinmu na lafiya wata mata ta kira mu, ba ta yarda a sa muryarta a iska ba. Ta ce ɗanta ya shekara huɗu bai taɓa zama ba, kansa bai fi na jariri ba, an kai shi wurin masu magani har ta sayar da awakinta biyu da jarin man gyaɗarta, daga baya mijin ya ce a danginsu ba a haifar irin wannan, ya ba ta takarda. Abin da ta tambaye mu ɗaya ne, wai da gaske laifinta ne? Ba likitoci ba ne mu, ba mu kuma ga yaron ba, amma wannan kam mun iya amsa mata: ciwo ne, ba laifi ba ne, yaron kuma ɗan Adam ne kamar kowa. Malamanmu da limamai, da masu maganin gargajiya da mata suka fi zuwa wurinsu kafin likita, muna roƙon su faɗi haka da bakinsu, domin an fi jin tasu a kan tamu.

Ga magadan gari na Dutsi da Tibiri da sauran ƙananan hukumomin Arewa, maganarmu gajera ce. Duk ranar kasuwa ana zagawa da tikiti, mai tallan kuka da daddawa ma ba ta tsira. Masu biyan nan suna da haƙƙin su ga an kwashe shara kafin ruwan farko, an yashe magudana, an tsawata wa masu jibge taya. Ga hukumomin lafiya na gundumomin biyu, muna neman tef a kowace likita da kowane ɗakin shan magani na ƙauye, a kuma koya wa ungozomomi su tura duk jaririn da aka haifa a gida a auna shi cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuma aka ga masu zazzaɓi da ƙuraje suna yawa alhali gwajin palu yana cewa babu, a ɗebi jini a aika Yamai tun abin yana ƙarami. A jiharmu ta Doso ne, a Gaya, aka ƙaddamar da allurar rigakafin palu ta yara a watan Satumba na 2024. Jihar da aka zaɓa don wannan babban aiki ba za ta gaza sayen tef ba.

Sai dai mun san halin jiran hukuma, shi ya sa muka fi dogara ga ku. Ƙungiyoyin adashi da na Mata Masu Dubara suna haɗuwa kowane mako, ba a taɓa fasa zubi don ruwan sama ba. A ƙara abu ɗaya a kan zubin: kowace ta faɗa ko ta wanke randa da tanonta a wannan makon. Sarkin kasuwa da shugabar mata su raba layuka, masu abinci su kula da nasu tanon, mahauta da nasu, ƴan taya da nasu. Mu kuma a namu ɓangaren za mu shiga kasuwannin Arewa da na'urar ɗaukar murya a wannan daminar, mu leƙa bayan rumfuna, mu faɗi abin da muka gani a iska, layi layi.

Ke kuma da za ki raka ƙanwarki ko kishiyarki ko ɗiyarki haihuwa, bayan an yanke cibi an ɗora yaro a sikeli, ki ce wa sajfam cikin ladabi, Madam, a auna mini kansa. Ki tsaya har ta naɗa tef ɗin daga goshi zuwa ƙeya, ta faɗi adadin, ta rubuta a karne. In an je rigakafin mako shida, a sake aunawa a rubuta a ƙarƙashin na farko.